Amsa: Ina za mu kai ƙaninmu da ke shan kodin da tiramadol a nan Kano?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya baku haƙuri da juriya, ya shirya mana zuri'a baki ɗaya. Kince ƙaninki ne ɗan shekara 23, ya daɗe yana shan kodin da tiramadol, kwanan nan kuma kin tsinci rochi, ƙwayar nan ta sa barci mai rina harshe shuɗi, a aljihun wandonsa wajen wanki, ya bar makaranta, ya fara ɗauke kayan gida yana sayarwa. Baba yace a kaishi gidan mari, Umma tace a'a gara a kira 'yan Hisba ko NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ke kuma kina tambayar ina ne ake kai irin waɗannan yaran a Kano su samu magani na gaskiya. Ni ma'aikacin jinya ne a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, irin matsalar ƙanin naki ita ce aikinmu safe da yamma, to bari in faɗa miki abinda zan faɗawa 'yar uwata ta jini.

Asibiti zaku fara kaishi, wajen likitan ƙwaƙwalwa, kafin gidan kowa kuma kafin ofishin kowa. Dalili kuwa yana cikin abubuwan nan uku da kika lissafa. Kodin da tiramadol dangi ɗaya ne, in mutum ya saba dasu ya daina rana ɗaya jikinsa zai yi masa bore, cikin yini guda zaki ga hamma ba ƙaƙƙautawa, majina da hawaye, gumi, zawo, amai, ciwon gaɓɓai kamar ana sara masa ƙashi, ga barci ya ƙaurace masa kwata-kwata. Abin yakan fi tsanani a kwana na biyu zuwa na uku sannan ya fara sauka, yawanci cikin sati ɗaya zuwa kwana goma. A ɗakin kwanciya zaki ga saurayi ƙato ya duƙunƙune cikin bargo da tsakar rana a zafin Kano yana karkarwa, minti kaɗan kuma ya yaye bargon yana cewa wuta ake hura masa, ƙafafunsa sun kasa zama waje ɗaya. Wahala ce sosai amma ita kaɗai ba kasafai take kisa ba in ana kula da ruwan jikinsa. Wadda ke bani tsoro ita ce rochin nan. Ita da su diyazefam, wadda yara ke cewa D5, in jiki ya saba dasu aka yanke lokaci guda suna iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya da ruɗewa, kuma ana mutuwa ta haka. A hankali ake rage su, likita na auna yawan da za'a sauke duk bayan 'yan kwanaki ko sati. Shi kansa tiramadol in aka sha da yawa yana kawo jijjiga. To kinga yaron da yake haɗa ukun nan, in aka kulle shi a ɗaki ko aka sa masa mari akace ya daina yau, wallahi da ransa ake wasa.

Wuraren da zaku nufa a Kano, na farko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, can hanyar Katsina wajen kasuwar hatsi, wanda da na jiha ne yanzu kuma yana hannun gwamnatin tarayya. Aikinsu kenan, suna ganin masu zuwa su koma gida kuma suna kwantarwa. Na biyu Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa. In kuma Asibitin Murtala ne yafi muku kusa ko kun riga kuna da kati a can, kuje ku ga likita ku faɗa masa gaskiyar abinda ke tafe daku, zai duba shi ya rubuta muku takardar turawa inda ya dace. Wasu iyalan sun fi son su fita daga gari saboda idon sani ko don a nisanta yaro da abokansa, irin waɗannan sukan tafi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, suna da sashe na musamman na masu shaye-shaye.

Na san abinda zai fara fitowa daga bakin mutanen gida in kika ambaci Dawanau, za'a ce ai ɗanmu ba mahaukaci bane. Gaskiya ne ba mahaukaci bane, amma ƙwayar nan a ƙwaƙwalwa take aikinta, kuma wanda ya karanci ƙwaƙwalwa shi ya san yadda ake raba ta da ita. Ƙari akan haka, da yawa daga yaran nan akwai wani abu a ƙarƙashin shan, wani ciwon damuwa ne ya daɗe yana cinsa ba wanda ya lura, wani fargaba ce, wani rashin barci, wani kuma sikila ne ko karaya ya taɓa yi aka fara masa allurar fenta ko tiramadol don ciwo daga nan ya zarce. In ba'a gano wannan an magance ba, ko an wanke jikinsa tas zai koma, don abinda ya kaishi yana nan.

Kuma dan Allah ku cire kunyar nan. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tayi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, suka yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, a jihar Kano kaɗai sama da miliyan ɗaya, wajen kashi 16 cikin 100. Kuma duk mutum huɗu cikin masu shan ɗaya mace ce, abinda mu a nan bama son ji kenan, matan aure da 'yan mata suna shan kodin a cikin ɗaki a robar lemo, su ne kuma aka fi ɓoyewa har sai abu ya lalace. A 2018 ɗin ne gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin bayan binciken da BBC tayi kan shan kodin a Najeriya, amma ke shaida ce bai ɓace daga unguwanni ba, tsada ya ƙara yi shi yasa yara ke komawa ƙwayoyin da suka fi arha ko su haɗa biyu uku. Ba gidanku kaɗai bane, layinku ma in za'a buɗe ƙofofi zaki sha mamaki.

Ranar da zaku je, ku fita da sassafe saboda layin kati. Mutum ɗaya ko biyu su raka shi, wanda yake jin nauyinsa kuma baya masa tsawa, kar a ɗebo gayya kamar za'a kai ɓarawo kotu. Ki tafi da ƙwayar da kika tsinta da duk wata kwalba ko takardar magani da kika gani a ɗakinsa, ko ki ɗauki hotonsu a waya, don milgiram ɗin da ke jiki yana da muhimmanci, tiramadol na asibiti 50 ne ko 100 amma wanda ake sayarwa a lungu har 225 zaki gani an rubuta. Likita zai tambayi me yake sha, nawa a rana, tun yaushe, yaushe ya sha na ƙarshe, ya taɓa yin jijjiga, yana yin allura, yana jin maganganu ko zargin mutane, ya taɓa tunanin kashe kansa. Ranar wanka ba'a ɓoyon cibi, ku faɗi komai, kuma in likita yace ku fita zai gana dashi shi kaɗai ku fita ba musu, akwai abinda bazai taɓa faɗa a gaban yayarsa ba. Za'a yi gwajin fitsari a ga irin ƙwayoyin da ke jikinsa, a yi na jini a duba hanta da ƙoda, in yana allura a ƙara da ciwon hanta na B da C da ƙanjamau. Daga nan ne za'a yanke ko kwanciya ce ko zai riƙa zuwa daga gida. Ba kowa ake kwantarwa ba, kuma rashin kwantarwa baya nufin an raina matsalar. Amma mai haɗa rochi da kodin da tiramadol, na fi zaton za'a so a riƙe shi ko da na satin farko ne zuwa biyu. Maganar kuɗi ku tambaya tun ranar farko a rubuta muku, kuɗin gado, abinci, magani da gwaji, sannan ki nemi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin in abin ya fi ƙarfinku, mutane da yawa basu san da wannan ofishin ba suna komawa gida da mara lafiya alhali da an yi magana da an samu sauƙi.

Game da NDLEA da Umma ta ambata, hukumar tun 1989 take kuma ba kamu kaɗai take yi ba, suna da ɓangaren bada shawara da gyaran hali, ofishinsu na Kano ma yana karɓar yaran da iyaye suka kawo da kansu. Suna da layin kira kyauta dare da rana, 0800 1020 3040, wanda aka buɗe a 2022 ƙarƙashin Buba Marwa, ana haɗa mutum da masu bada shawara kuma ba sai kin faɗi sunanki ba. Amma ki bambance abu biyu, zuwa neman taimako daban, kira a zo a kama shi a gaban 'yan unguwa daban. Na biyun yakan bar tabon da yaro baya mantawa, ya fito yana ganin gidansu ne suka tona masa asiri. Hisba kuma nasiha da sulhu ne aikinsu, suna da amfani in rigima ta ɓarke a gida ko ana neman wanda zai yi masa faɗa da harshen addini, amma ba su zasu sauke shi daga rochi ba. Akwai kuma cibiyar gyaran hali ta gwamnatin jiha a Ƙiru, irin wannan wajen bayan likita ya gama nasa ake tunaninsa, ku kuma je ku gani da idonku halin da ake ciki kafin ku yanke.

Gidan mari kuwa, ki roƙi Baba da girman Allah ya janye. Na san ba mugunta ce tasa ya faɗa ba, gajiya ce, kuma a zamaninsu abinda aka sani kenan. Amma ki tuna masa abinda aka gani a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga gida ɗaya, manya da yara, da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, daga nan aka bi irinsu a Katsina da Daura, a nan Kano ma aka rufe wasu. Irin waɗanda suka fito daga waɗannan gidaje suna zuwa hannunmu daga baya. Akwai wani da bazan manta ba, da na zo ɗaura masa abin awon jini ya ɗaga hannu ya kare fuskarsa don ya ɗauka dukansa zan yi, idon sawunsa biyu duk zobe ne na baƙin tabo inda ƙarfe ya ci, ga ƙazuwa har tsakanin yatsu, kuma sati bai cika da fitowarsa ba ya koma sha fiye da da, yanzu da ƙiyayyar mahaifinsa a kai. Mari yana hana hannu kaiwa ga ƙwaya na ɗan lokaci ne kawai, baya taɓa ƙwaɗayin da ke cikin kai. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta ba mara lafiya haƙƙin a kula dashi cikin mutunci ba azabtarwa.

Wannan ba yana nufin a ajiye addu'a ba, a'a, ku dage da ita, Umma ta tashi cikin dare, a samu malamin kirki da yaron ke ganin girmansa ya riƙa zama dashi yana jansa a jiki. Waɗanda na ga sun tsaya da ƙafarsu da yawansu akwai irin wannan malamin ko limamin a bayansu. Abinda nake ƙi shine a ce aljanu ne ko sammu ne a hana shi ganin likita, ko a ce ya zubar da maganin asibiti.

Cibiyoyi masu zaman kansu sun yi yawa yanzu a gari, wasu na kirki ne wasu kuma gidan mari ne da aka yi wa fenti aka sa allo. Kafin ki biya ko kobo ki tambaya wane likitan ƙwaƙwalwa ne ke zuwa kuma sau nawa a sati, akwai nas da ke kwana, suna da rajista da hukumar jiha mai kula da asibitoci masu zaman kansu, in ya yi jijjiga cikin dare ina zasu kaishi. Ki ce a nuna miki ɗakin kwana da banɗaki da kicin, ba ofishin mai wajen kaɗai ba. In suka ce ba'a shiga, ko ba'a ziyara sam har ya gama, ko suka yi miki alƙawarin ya warke ɗari bisa ɗari cikin sati biyu, ɗauki jakarki ki tafi.

To in yaƙi zuwa fa, don na san tambayar da ke ranki kenan. Kar a tare shi lokacin da yake cikin caji, kuma kar a yi masa taron dangi. Ki nemi lokacin da yake garau, yawanci da hantsi, ke da shi kawai ko da wanda yafi yarda dashi, ki faɗi abinda kika gani da idonki ba zagi ba gori, kice na ga ka rame, na ga baka barci, na ga harshenka ya yi shuɗi rannan, tsoro nake ji kar in rasa ka, zo muje likita ya duba ka kawai. Da yawansu sun gaji da abin fiye da yadda kuke zato, tsoron azabar dainawa ne ke riƙe su, in yaji cewa akwai maganin da zai sauƙaƙa masa ciwon jiki da rashin barcin sai kiga ya sauko. In bai yarda yau ba ki sake gobe. Ke kanki kina iya zuwa asibitin ba tare dashi ba ki nemi shawara. Kar a yaudare shi ace za'a gaida mara lafiya sai ya tsinci kansa a kulle, sai fa in hankalinsa ya gushe, yana zare makami ko yana neman hallaka kansa, wannan kam ba'a jiran yardarsa, a nemi maza a kaishi ɓangaren gaggawa. Kuma kar Baba ya kore shi daga gida, hannunka baya ruɓewa ka yanke ka yar, korar nan kai tsaye take miƙa yaro ga 'yan daba da dilolin da dama jiransa suke.

Babban aikin kuma, wanda yawancin iyalai ke faɗuwa a kansa, bayan sallama yake farawa. Wanke jiki daga kodin da tiramadol kamar sati biyu ne, amma ƙwaƙwalwa tana ɗaukar watanni kafin ta saba da rayuwa ba ƙwaya, shi yasa ake cewa magani ya kai aƙalla wata uku ana bibiya, da zaman tattaunawa da masanin halayya, da zama cikin rukunin waɗanda suma suke fama, da komawa asibiti duk ranar da aka rubuta ko da kuwa kuna ganin ya warke sumul. Ki ɗauke shi kamar hawan jini, ba'a cewa an sha magani wata ɗaya an gama. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna kashi 40 zuwa 60 cikin 100 sukan koma sha a wani lokaci, to in ya zame kar a ce asarar kuɗi aka yi, a maida shi wajen likitansa a satin. Akwai haɗari ɗaya da nake so kowa a gidan ya sani, wanda ya yi wata ɗaya bai sha ba jikinsa ya sauka daga yadda ya saba, in ya koma ya sha adadin da yake sha a da numfashinsa na iya tsayawa. Mutuwar da yawa a irin wannan lokacin take faruwa, bayan fitowa daga asibiti ko gidan yari. Ki faɗa masa wannan ƙarara.

Sannan a cika masa yininsa. Yaron da zai tashi ƙarfe goma ba inda zashi, majalisar nan dai ta bakin layi zai koma. A canza masa layin waya, kar a riƙa bashi kuɗi a hannu da yawa a watannin farko, a sayo masa abinda yake buƙata. A nemi ubangida mai haƙuri wanda aka faɗawa gaskiya, ko a Kantin Kwari ko gyaran waya a Farm Centre ko ɗinki ko kafinta, ko a maida shi makaranta in yana so. Ni dai bana son a fara da tuƙin adaidaita sahu ko dako ko aikin gini, don a irin waɗannan wuraren ake shan tiramadol da sunan ƙarin ƙarfi, ga kuɗi a hannu kullum. In akwai ɗan uwa a wata unguwa ko wani gari da zai riƙe shi na 'yan watanni, hakan na taimakawa sosai. Kuma in kinji wani a dangi yace a yi masa aure zai nutsu, ki tsaya tsayin daka ki hana. Aure baya maganin shaye-shaye, 'yar mutane kawai za'a jefa cikin wahala, wani lokacin ma ita ma ta koya. Ya shekara garau tukunna, kuma a faɗawa iyayen yarinyar gaskiya.

Ki kula da Umma ma, iyaye mata su ne ke kwana da abin a zuci har hawan jini ya kama su, kuma su ne ke ɓoye laifin yaro su biya bashinsa a asirce saboda tausayi, wanda hakan ke ƙara masa igiya. Ku zauna ku daidaita baki, abinda aka hana a ɗakin Baba kar a bayar a ɗakin Umma.

Kafin ku kai ga asibiti, in kuka same shi kwance ana tashinsa baya tashi, numfashi na fita a hankali ko yana wani irin munshari, leɓɓansa sun canza launi, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance kamar kan allura, kar a ce barci yake a ƙyale shi, kar a ɗura masa madara ko manja ko ruwa don zai shaƙe, a kwantar dashi ta gefe a buɗe masa hanyar numfashi a nemi mota ko adaidaita a nufi ɓangaren gaggawa na asibitin da yafi kusa. Akwai allura mai suna naloksom da ke karya ƙarfin kodin da danginsa cikin mintuna. In jijjiga yake yi kar a cusa masa cokali a baki kar a danne shi, a janye abinda zai ji masa ciwo, ta lafa a kwantar dashi ta gefe a tafi. Da kun isa ku faɗawa likita sunan duk abinda kuka san yana sha tun kafin ya tambaya.